Wa Zai Karɓi Amshin Makaɗan Fada?

A Sauka Kahuta, kamar sauran unguwannin Minna, ba wuya ka ji muryar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo tana tashi daga teburin mai shayi ko daga wayar ɗan acaɓa. Masu tura waƙoƙi a waya sun sa tsofaffin makaɗan fada sun fi samuwa a yau fiye da zamanin da suke raye, har mutane da yawa na ganin an gama adana su. A ganina murya kaɗai aka adana. Sana'ar da ta haifi muryar tana ƙarewa, domin makarantarta ita ce amshi, yaran da za su yarda su shekara goma suna amshi kuwa sun yi ƙaranci.

Makaɗin fada ba ya fara waƙa da jagoranci. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi ne a gidan kiɗa a ƙarƙashin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sannan ya daɗe yana bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya. A wannan zaman ne yaro ke koyon abin da ba a faɗa da baki: inda ake ɗaukar numfashi, yadda ake riƙe gindin waƙa har jagora ya gama ɗa, lokacin da za a karɓe masa layi tun bai ƙarasa ba, da yadda murya ke zama daidai kan kotso ba ta riga shi ba, ba ta makara ba. Duk wanda ya saurari waƙoƙin Ɗanƙwairo ko na Sa'idu Faru da kunnen basira ya san rabin daɗinsu daga 'yan amshi yake fitowa, domin su ke karɓi, su ke ƙari, kuma hannunsu na kan kiɗa a lokaci guda. Ban da wannan akwai haddar nasabar sarakuna, da take, da kirari, da sanin iyakar da ke tsakanin habaici da zambo a gaban mai sarauta. Wannan ilimi ne mai matakai, ko da ba a taɓa ba kowa takardar shaida a kansa ba.

Turawa sun taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. Ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan zancensa da waƙa, ita ma a fada ta girma: Monteverdi mawaƙin gidan sarautar Gonzaga ne a birnin Mantuwa na Italiya lokacin da ya fitar da wasansa na Orfeo a 1607. Da fadojin suka shuɗe, kiɗansu da yawa ya kwanta ba mai rerawa, sai a ƙarni na 20 wasu mawaƙa suka mai da farfaɗo da shi sana'a. Alfred Deller na Ingila ya fara ne yana yaro a ƙungiyar mawaƙan coci, ya ci gaba da rera waƙa cikin jama'a a babbar majami'ar Kantabari, daga nan ya shahara da tsofaffin waƙoƙin Henry Purcell, wanda ya mutu tun 1695. A 1960 Benjamin Britten ya tsara wa Deller matsayi na musamman a sabuwar ofera. Hanyar da Deller ya bi, daga sahun baya zuwa gaba, ita ce wadda Ɗanƙwairo ya bi. Bambancin shi ne can an ci gaba da biyan mutanen sahun baya albashi.

Za a ce Turawa sun rubuta kiɗansu da alamomi a takarda, mu kuwa ba mu yi ba. Gaskiya ne, amma abin da ke hannunmu ya fi takarda. Deller bai taɓa jin yadda aka rera Purcell a zamaninsa ba, kintace ya yi daga rubutu. Mu muna da muryar Narambaɗa da ta Salihu Jankiɗi a faifai, ga nazarin malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ga kuma zuriyar Ɗanƙwairo da ba ta ajiye kotso ba. Za a kuma ce maimaita waƙar wani kwaikwayo ne, ba fasaha ba. Wannan ra'ayi ne ya fi yi mana illa, domin shi ya sa kowane matashi mai murya ke rugawa situdiyo ya ɗora sabuwar waƙa kan kiɗan kwamfuta, inda na'ura ke ninka muryarsa ta zame masa 'yan amshi. Ai Bakandamiyar Narambaɗa ba ta fi ƙarfin a sake rera ta da rai ba, kuma wanda ya iya yin haka yadda ya kamata ya fi cancantar a kira shi gwani.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na mutunci da na abinci. Iyaye da yawa na kallon kiɗa a matsayin roƙo, fadar da a da take ba makaɗi doki da riga da hatsin shekara kuwa ba ta da wannan hali yanzu. Amma roƙo tsarin biya ne, ana iya sauya shi a bar waƙar yadda take. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, a Legas kuma cibiyar MUSON tana horar da mawaƙa a aji tana sayar da tikitin sauraronsu. Minna kanta ba baƙuwa ba ce ga horon murya, domin mawaƙan coci-coci da matan zumunta suna haɗuwa duk mako su gyara waƙa da Hausa, kowa ya san sahunsa. Ga ɗakin wasanni na U.K. Bello, ga gidan rediyon jiha, ga fadojin Minna da Bida da Kontagora da Suleja, ga gadon Hajiya Fatima Lolo a ƙasar Nufawa da ke fuskantar irin wannan barazana. Abin da ya rage shi ne hukumar al'adu ta jiha ta ɗauki tsofaffin 'yan amshi da makaɗan kotso da taushi aikin koyarwa da albashin wata, tun suna da ƙarfin zama da almajirai.