Gayyar Taimako

Idan maigida ya kwanta ciwo da damina, ciyawa ba ta jiransa. In gona ta lalace, 'ya'yansa ne za su sha yunwa.

A da kurkunu yakan kwantar da manoma da yawa. A 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijeriya, amma zazzaɓi yana nan.

To, me za mu yi? Mu gaya wa mai unguwa, a sa ranar gayya. Maza su nome gonar. Kowa ya zo da furarsa, kada mu ɗora wa gidan nauyi. Mata su kai wa yara tuwo. Wani ya kai majinyacin asibiti.

Kada mu jira sai ya roƙa, gama kunya takan hana mutum magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.