Steve Redgrave: Matuƙin kwale-kwalen da ciwon suga bai kayar ba

A wajenmu kwale-kwale abin fito ne, a loda masa buhunan albasa da babur a ƙetare kogi. A Ingila kuwa tsere ake yi da shi, kuma akwai wanda ya yi suna da wannan tsere har aka ba shi sarautar "Sir" a 2001. Sunansa Steve Redgrave.

An haife shi a 1962 a Marlow, wani gari na bakin kogin Thames. Mahaifinsa magini ne, shi kuwa yana shekara 16 ya bar makaranta ya rungumi ruwa. Tseren nasu na mita 2,000 ne, matuƙa suna zaune sun ba inda za su baya, kuma cinya ta fi damtse aiki. Cikin minti shida zuwa bakwai an gama, amma sai ka ga ƙato ya kasa tashi.

Redgrave ya ci zinare a wasannin Olamfik na Los Angeles a 1984, da Seoul a 1988, da Barcelona a 1992, da Atlanta a 1996. Wanda ya ci a Atlanta tare da Matthew Pinsent shi kaɗai ne zinaren da Birtaniya ta koma gida da shi. Don gajiya, a ranar ya shaida wa 'yan jarida cewa duk wanda ya sake ganinsa kusa da jirgi ya harbe shi. Bayan 'yan watanni ya dawo.

A 1997, yana shekara 35, likita ya gano yana da ciwon suga. Mu da muke zaman kasuwa mun san yadda ake yi da wannan ciwo: wani ya ɓoye, wani ya sha sassaƙe har ƙafa ta ruɓe. Redgrave bai ɓoye ba. Ya koma allurar insulin sau da dama a rana, yana auna jininsa, likitocinsa suna daidaita allurar da yawan abincin da horo ke buƙata. A Sydney a 2000, su huɗu a jirgi, suka riga 'yan Italiya da abin da bai kai rabin sakan ba. Zinare na biyar ke nan a jere, yana shekara 38. Tsakar dare ne a Ingila, amma miliyoyi suka ƙi barci suna kallo, kuma masu kallon BBC suka zaɓe shi gwarzon wasanni na shekarar.

Sai dai akwai inda muka saɓa da shi. A wasannin Landan na 2012, ɗan Nijar Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu a Yamai, ya shiga tseren mutum ɗaya da gayyata ta musamman, bayan horon wata uku kacal. Ya zo na ƙarshe, sama da minti guda a bayan na gaba, amma 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya isa. Redgrave ya soki gayyatar, yana cewa akwai waɗanda suka fi shi iyawa da aka bari a gida. Gaskiya ya faɗa. Amma shi ya tashi ne da kulob da jirgin tsere a ƙofar gidansu, Issaka kuwa sai da aka kai shi Masar da Tunisiya kafin ya samu horo a irin wannan jirgi.