Wa Ke da Alhakin Unguwarmu?

A cikin watan Yuli, sa'ad da ake shirin jarrabawar ƙarshen shekara, akwai safiyar da 'yan makarantarmu masu zuwa daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sukan iso a makare, takalma a hannu, ƙafar wando ta jiƙe sharkaf. In malamin da ke tsaron ƙofa ya tambaye su dalili, amsar ɗaya ce: an kwana ana ruwa, kwata ta cika ta malalo, lungu ya zama rafi. Daga nan sai kowa ya ce laifin gwamnati ne. To, wace gwamnatin? Gama gwamnati uku ce ke da hannu a unguwar nan, ga kuma masu sarauta, ga mu mazauna. Wanda bai san rabon aikin ba yakan kai kukansa inda ba a da maganinsa, ya dawo yana cewa ba a kula da talaka.

Gyaɗi-Gyaɗi tana cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, sakatariyarta kuwa tana Unguwa Uku. Mazaɓu goma gare ta, biyu daga ciki suna ɗauke da sunan unguwarmu, watau Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, kowace da kujerar kansilanta. Ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a ƙaramar hukumar, a fili mai murabba'in kilomita 28. 'Yan ajin lissafi su raba su gani: kusan mutum 8,000 ke nan a kowane murabba'in kilomita, tun a wancan lokaci. Wannan kuwa masu kwana ne kaɗai. Da rana akwai masu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da masu shari'a a kotunan da ke Titin Kotu, da 'yan kasuwar Tarauni, da matafiya na tashar Unguwa Uku. Dukansu suna taka titi ɗaya da mu, suna shan ruwan leda su yar a kwata ɗaya da mu.

Bari mu fara da babban titi. Titin Zariya yanki ne na hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Zariya da Kaduna zuwa Abuja, hanyar Gwamnatin Tarayya ce. Amma a cikin gari gwamnatin jiha takan sa hannu a kai, kamar yadda aka yi a shataletalen Dangi, inda Titin Gidan Zu ya haɗu da Titin Zariya. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka gina gada mai hawa uku a wurin, aka buɗe ta a 2021. Waɗanda suka san cunkoson Dangi na dā ba za su raina aikin nan ba. Sai dai gada don mai mota aka yi ta. Motar da a dā takan tsaya ta yi ta jira a shataletale, yanzu da gudunta take saukowa, mai tafiya a ƙasa kuwa ƙafarsa ba ta ƙara sauri ba. Saboda haka muke roƙon manyan ɗalibai su riƙa haɗa ƙanana su tsallaka tare, a wurin da ake ganin hanya sosai, nesa da gindin gada. Inda babu gefen masu ƙafa, a yi tafiya ana fuskantar motocin da ke tahowa.

Abin hawan da ke kan titin ma ya sake. Ƙannenmu na aji ɗaya ba su san Kano ta 'yan acaɓa ba. A ranar 19 ga Janairu 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a unguwar Hausawa, nan kusa da mu, bayan 'yan kwanaki kuma gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur. Daga nan a-daidaita-sahu, wadda ta shigo a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta gaje hanya. Masu kula da zirga-zirga su ma iri-iri ne. 'Yan KAROTA na jiha ne, hukumar kiyaye haɗura da aka kafa a 1988 ta tarayya ce, 'yan sanda su ma na tarayya ne. Kansila ba shi da iko a kan ko ɗayansu, iyakarsa ya isar da saƙo.

Yanzu mu koma kan kwatar da ta jiƙa mana takalma, domin a nan ne aka fi ruɗewa. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai ginawa da gyaran titunan unguwa da magudanan ruwa da fitilun kan titi, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, har da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. A takarda ke nan. A aikace, cikin birnin Kano hukumomin jiha ne suka ɗauki babban kaso: REMASAB ke da motocin kwashe shara, KNUPDA ke ba da izinin gini da duba tsarin gari. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har a watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Mu dai abin da ya shafe mu shi ne mu sani cewa ƙaramar magudanar cikin unguwa tana cikin abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, wanda ya je sakatariya ya yi maganarta ba roƙon alfarma ya je yi ba.

Duk da haka, in za mu faɗi gaskiya, ba hukuma ce ta cika kwatar ba. Ku tsaya ku duba abin da ake fitarwa ranar yasa: ledar ruwa, baƙar ledar cefane, robar lemo, tsumma, sai yashi mai yawa. Yashin nan ruwa ne ke kwaso shi daga lungunan da ba su da kwalta, da kuma tulin da masu gini suke jibgewa a bakin titi. Leda ba ta ruɓewa. In ta maƙale a bakin kwalbati sai ta zama kamar rariya, yashi ya taru a bayanta, a hankali ramin da aka gina don ruwa ya cika da ƙasa, har ciyawa ta tsiro a kai. Da rani ba wanda ya damu, gama ba a ganin kome. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya nemi wata, ya bi titi, ya shiga zaure, ya jiƙa gindin katangar ƙasa. Akwai kuma wata ɗabi'a da muke gani da idonmu, watau da hadari ya haɗu sai a aiki yara su juye kwandon shara a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ba ya kai ta ko'ina sai ƙofar gidan maƙwabcin da ke gangare.

Abin bai tsaya ga jiƙa takalma ba. Ruwan da ya kwanta a kududdufi kwana bakwai zuwa goma ya isa sauro ya yi ƙwai, ya ƙyanƙyashe, ya tashi, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro yake yawaita daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da ake komawa makaranta. In kuma ruwan kwata ya haɗu da na masai ya gangara rijiya, ko ya shiga fasasshen bututun famfo, hanyar amai da gudawa ta buɗe ke nan. Tsofaffinmu suna ba da labarin duba-gari, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa da bayan gida, ya ci tarar mai ƙazanta. A 1985, ƙarƙashin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na mulkin soja, aka ɗaura yaƙi da ƙazanta a ƙasa duka, daga nan al'adar tsabtace muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo tushe. Kuskuren da muke yawan yi a ranar shi ne mu yashe kwata mu tara dagwalon a bakinta mu tafi. In mota ba ta zo ta kwashe ba, ruwan sama na gaba zai mayar da shi inda ya fito, wahalar safiya guda ta tashi a banza. Kafin a sa ranar aikin gayya, sai a fara tabbatar da motar da za ta kwashe, ko a haɗa kuɗin masu kura.

Sauran magana ita ce ta dare. A 'yan shekarun nan babu abin da ya tayar wa mutanen Kano hankali a kan hanya kamar ƙwacen waya, sau da yawa da makami. A 2022 gwamnatin jiha ta hana a-daidaita-sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro. Amma tsaron lungu tun fil azal a hannun mutanen lungu yake. Tsarin sarauta ya sauko daga Sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, mai unguwa kuwa shi ne ya san gidan da aka ba baƙo haya, da kangon da samari suke taruwa a ciki. Ba shi da ɗan sanda ko kurkuku, abin da yake da shi sanin mutane ne, da bakin da ake ji. A ƙarƙashin idonsa ake kafa 'yan sintiri, gidaje su riƙa haɗa ɗan abin da za a saya musu tocila da usur da shayin dare. Unguwar nan ta haɗa Musulmi da Kirista, 'yan ƙasa da baƙi ma'aikatan asibiti da na kotu. Mun lura wasu iyayenmu da ke zaman haya sukan biya kuɗin sintiri amma ba sa zuwa taron, suna ganin na masu gida ne. A ganinmu wannan asara ce, gama a taron ne ake yanke inda za a sa fitila da lokacin da za a rufe ƙofar lungu, wanda bai je ba kuwa da shi za a yi aiki da abin da aka yanke.

Akwai iyakar da ya wajaba kowane ɗalibi ya sani. Doka ta yarda mutum ya kama wanda ya gani yana aikata babban laifi, amma ta ce a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ta ba ɗan sintiri ko taron jama'a ikon duka ko hukunci ba. Ihun "ɓarawo!" ba shaida ba ne, an sha rasa rayukan marasa laifi a ƙasar nan ta wannan hanya, wanda ya ɗaga dutse a cikin taro kuwa shi ma ya zama mai laifi a gaban shari'a. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce wanda aka tsare a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Mu da kotuna suke a tsakiyar unguwarmu, ba mu da hujjar cewa shari'a ta yi nisa. In kuwa kai aka tare, ɗalibi, ka ba da wayar. Daga baya a je a toshe layin, a kai rahoto ofishin 'yan sanda. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ake kiranta.

To, in fitilar titinku ta mutu ko kwalbati ya rufta, yaya za a yi? A fara da mai unguwa, domin ya san ko an riga an kai maganar. Sa'an nan a rubuta takarda, gajeriya, a faɗi sunan titi da daidai wurin, da tun yaushe abin ya lalace, da gidaje nawa ya shafa, a haɗa da hoto in akwai. Masu gidajen su sa hannu, mai unguwa ya sa nasa. A kai ɗaya ga kansilan mazaɓa, ɗaya sakatariya a Unguwa Uku, in kuma aikin na jiha ne a kai wa hukumar da abin ya shafa. A roƙi magatakarda ya buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi gida, da kwanan wata, domin da wannan kwafi za a koma bayan mako biyu a tambayi inda aka kwana. Iyaye da yawa suna da kukan amma rubutun ne ke ba su wuya. 'Yan aji biyar da aji shida sun koyi rubuta wasiƙar hukuma da Hausa da Turanci don jarrabawa, malaman harshe kuma a shirye suke su duba wa duk wanda ya kawo tasa kafin a tafi dogon hutu.