Jan Ido: Yadda Ake Ɗaukarsa da Abin Yi

Jama'a, jan ido, wanda wasu ke kira afolo, yawanci ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma yakan warke cikin mako 1 zuwa 2. Ba a ɗaukarsa ta kallon mai shi. Ta hannu yake yaɗuwa, da tawul, da tandun kwallin aro, da ƙuda.

A riƙa wanke hannu da sabulu, a share kwantsa da tsumma mai tsabta. Kada a ɗiga nono, fitsari ko ruwan albasa, suna iya lalata ido. Mai manna gilashi a ƙwayar ido ya cire shi har ya warke.

In gani ya dushe, ko zafi ya tsananta, ko jariri ne ke kwantsa, a je asibitin sansani a ranar.