Ɗaukar Shirye-shiryen Rediyo da Na'ura Mai Aiki da Kanta: Amfaninsa ga Nazarin Hausa

1. Matsalar da ake son warwarewa

Duk mai nazarin harshe yana bukatar magana kamar yadda take fita daga bakin masu ita. Amma da zarar ya ajiye na'ura gaban mutum, sai mutumin ya gyara harshensa, ya kauce wa karin garinsu. William Labov ya bayyana wannan cikas a 1972. Rediyo yana rage shi, domin mai magana a rediyo da masu sauraro yake, ba da mai bincike ba. Tun 1958 da aka buɗe gidan rediyon Nijar, wanda aka raɗa wa suna Muryar Sahel a 1974, ake watsa Hausa kullum. Daga shekarun 1990 kuma gidaje masu zaman kansu da na karkara suka yawaita. Mafi yawan wannan magana ta bi iska, ba a adana ta ba.

A zamanin kaset, ɗaukar shiri aikin tsaro ne. Kaset na minti 90 yana cika fuska guda cikin minti 45, dole a sami mai juya shi. Saboda haka abin da aka tara ya dogara ga lokacin da ma'aikaci yake ofis da kuma shirin da ya ga dama. Labaran rana sun samu shiga, hirar dare da shirin asuba sun kuɓuce.

2. Yadda aikin yake tafiya

Abu uku ake haɗawa: akwatin rediyo da aka tsayar kan tasha guda, waya mai ɗauke sauti daga akwatin kai tsaye, da na'urar ɗaukar sauti ko kwamfuta mai agogo. Ana rubuta mata jadawali, misali kowace Talata daga ƙarfe 20 zuwa 21. In lokacin ya yi ta fara, in ya cika ta tsaya, ta ajiye sautin da sunan tasha da kwanan wata. Kada a ɗauka ta makirfo, don hayaniyar ɗaki za ta shiga.

Ya kamata a ƙara minti biyar a farko da ƙarshe, tun da shiri bai cika farawa kan lokaci ba. A sake duba jadawali da azumi, lokacin da gidajen rediyo ke sauya tsarinsu. A tanadi batir ko hasken rana, a kuma duba agogon na'ura bayan kowace ɗaukewar wuta: agogo in ya ɓace, na'ura za ta yi ta ɗaukar abin da ba a nema ba, ba tare da kowa ya sani ba.

3. Irin sautin da za a adana

Siga biyu aka fi amfani da su. WAV yana adana sauti ba ragi: in an auna shi sau 48.000 a daƙiƙa, da bit 16, a layi guda, awa ɗaya tana cin kimanin megabait 346. MP3 mai kilobit 128 yana cin kimanin 58 kawai, don yana zubar da sashen sautin da kunne bai cika lura da shi ba. Ga mai tattara kalmomi, MP3 ya wadatar. Ga mai auna ɓ, ɗ, ƙ da ts, ko tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa, WAV ya fi dacewa. Daga WAV ana iya fitar da MP3, amma abin da MP3 ya zubar ba ya dawowa. Batun wuri kuma ya yi sauƙi: faifai mai terabait ɗaya yana ɗaukar kusan awa 2.900 na WAV.

A lura kuma da hanyar watsawa. Zangon FM yana kai sauti har wajen kilohaz 15, gajeren zango kuwa bai wuce wajen 5 ba, ga shi da ƙara. Bambancin s da sh ya fi fita a FM.

4. Abin da za a samu

Babban amfanin wannan hanya shi ne ƙa'ida ce ke zaɓen abin da za a ɗauka, ba son ran mai bincike ba. In an kafa na'ura a Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai, aka ɗauki awoyi iri ɗaya har shekara, za a iya ƙirga inda ake cewa sunka da inda ake cewa suka, zamna da zauna, biyat da biyar, hwaɗi da faɗi. Za a ga ko mai karanta labarai da mai kiran waya daga ƙauye Hausa guda suke yi. Za a ga kuma matsayin kalmomin aro daga Faransanci irin su lakwal, mushe da jandarma.

Wannan ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita haruffa, amma ba su faɗi kalmar da za a sa a littafin farko ba. Littafin da aka gina kan kalmomin da manomi ke ji kuma yake faɗi ya fi saurin karantuwa gare shi.

5. Sharuɗɗa

Na'ura tana tarawa, ba ta rubutawa. Mayar da awa ɗaya ta hira zuwa rubutu yana cin awoyi masu yawa, don haka gara awa 200 masu cikakken bayani da dubbai marasa suna. Kowane sauti ya zo da takardarsa: tasha, rana, irin shiri, yawan masu magana, da yankinsu in an ambata. A ajiye kwafi biyu a wurare dabam. A nemi yardar gidan rediyo a rubuce, a kuma ɓoye sunayen masu kiran waya kafin a buga maganarsu.

Shawararmu ita ce a fara da tasha guda a kowane gari cikin huɗun nan, awa biyu a mako, tare da ma'aikaci guda da aka keɓe don rubutawa. Bayan wata shida a auna abin da aka rubuta, kafin a ƙara ko da awa ɗaya.