Allon Babila da Husufin Shekarar 331

Shirinmu na yau zai kai mu shekaru goma da ke tsakanin 339 da 330 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, zamanin da daular Farisa, wadda mulkinta ya miƙe tun daga Masar har bakin ƙasar Hindu, ta rushe a hannun wani saurayi ɗan Makidoniya.

Asalin al'amarin sananne ne, ba za mu daɗe a kansa ba. A shekarar 336 aka kashe Sarki Filibus na Makidoniya a wurin bikin auren 'yarsa, ɗansa Iskandari ya gaje shi yana da shekara 20, kuma a wannan shekarar ce Dara na Uku ya hau gadon sarautar Farisa. A 334 Iskandari ya ƙetara zuwa Asiya, a 333 ya karya rundunar Dara a Isus, a 332 ya yi wa birnin Sur ƙawanya wata 7, ya cike teku da duwatsu har ya yi hanya zuwa tsibirin da birnin yake, sannan ya shiga Masar ya aza harsashin Iskandariyya. Malaman tafsiri sun yi saɓani a kan ko shi ne Zulƙarnaini, wannan kuwa mas'ala ce da muka bar wa ma'abotanta.

Abin da ya tsayar da ni a cikin wannan tarihi wani ɓallin allo ne na yumɓu da ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. A birnin Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, akwai wasu malamai masana falaki waɗanda aikinsu, kaka da kakanni, shi ne su kwana suna duban sama, su rubuta mafitar wata da mafaɗarsa da matsayin taurari, sa'an nan a ƙarshen kowane wata su ƙara da tashin kogin Furatu ko saukarsa, da adadin sha'ir da dabino da riɗi da ulu da ake samu a kasuwa da awo guda na azurfa, da duk wani labari da ya iso gari. Mafi tsufan irin waɗannan alluna da aka samu na shekarar 652 ne, na ƙarshe kuwa na 61, wato kusan shekara 600 ana wannan hidima, sarakuna na zuwa suna wucewa.

To, ga abin da allon shekarar 331 ya ƙunsa. Ranar 13 ga watan Ululu, bisa lissafinsu, wata ya yi husufi. Masana falaki na zamaninmu sun koma da lissafi baya, suka tarar lalle an yi husufi a daren 20 ga Satumba, saboda haka da malamin ya ce an gwabza yaƙi da safiyar 24 ga watan, kwana 11 bayan husufin, sai ranar yaƙin Gaugamela tsakanin Iskandari da Dara, kusa da Mosul ta yau, ta tabbata: 1 ga Oktoba, 331. Ku dubi wannan, jama'a, yaƙin da aka yi fiye da shekara 2,300 da suka shige, amma muna iya faɗin ranarsa, albarkacin wani malami da bai bar mana ko sunansa ba.

Ba nan kaɗai fa'idar allon ta tsaya ba. Marubutan da suka ba mu ƙissar Iskandari a jere, irin su Ariyan, sun zo bayansa da ɗaruruwan shekaru, suna naƙalto littattafan sarakunan yaƙinsa waɗanda suka ɓace, kuma ruwayar Ariyan ita ce Dara ne ya fara juya baya, rundunarsa ta watse a bayansa. Malamin Babila, wanda ya yi rubutunsa labarin na da ɗumi, ya nuna cewa tun kafin husufin firgici ya shiga sansanin Sarki Dara, kuma ranar yaƙi mayaƙan ne suka watsar da shi suka nufi garuruwansu. Ni dai, in an tambaye ni, na fi natsuwa da shaidar wanda ba ya neman tukuici daga kowa, ko da yake shi ma bai halarci fagen ba, abin da ya iso Babila ya rubuta. A wannan allon dai ya kira Iskandari sarkin duniya, ya ambaci saƙon amana da aka aiko wa mutanen gari, da shigarsa birnin a watan da ya biyo, duka da irin lafazin da yake rubuta farashin dabino.

A 330 aka ƙone fadar sarakunan Farisa da ke Farsifolis, Dara kuma mutanensa suka kashe shi, a ƙarƙashin Besus, hakimin Balkh.

Lokaci ya matsa mana, amma ba za mu tashi ba mu leƙa ƙasar Sin ba. A 338, shekarar da Filibus ya rinjayi Atina da Tibis, Rum kuma ta murƙushe maƙwabtanta Latinawa, aka kashe Shang Yang, wazirin ƙasar Cin, wanda ya shimfiɗa dokoki masu tsanani. Marubucin tarihi Sima Ciyan ya ruwaito cewa da yana gudun sabon sarki ya nemi masauki, mai gidan baƙi ya hana shi, domin dokar da shi kansa ya kafa ta haramta saukar da baƙon da ba shi da shaida. An kashe wazirin, aka riƙe dokokinsa, kuma da su Cin ta haɗe ƙasar Sin a 221.