Wane Aiki Ne Zai Riga Wani?

Yau za mu duba wata tambaya wadda ta dami injiniyoyi da masanan kwamfuta baki ɗaya: in ayyuka sun yi yawa, kuma wannan yana jiran wancan, da wanne za a fara?

Mu ɗauki misali daga Madina. A shekarar 2018 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa ta Haramain, wadda ta tashi daga Madina ta bi ta Jidda har Makka, tafiyar wajen kilomita 450. Kashi-kashi aka raba aikin. Tun 2009 aka soma gyaran hanya da ginin gadoji. Aikin shimfiɗa dogo da jan wayar lantarki da kawo jirage kuwa, sai a 2011 aka ba waɗansu kamfanonin Sifen da na Saudiyya. Ai ba a shimfiɗa dogo inda gada ba ta tsaya ba, jirgin kuma ba shi motsi sai an ja masa waya.

To, haka abin yake ga babbar manhajar kwamfuta. Gunduwa-gunduwa ake rubuta ta, wata bisa wata. Akan keɓe kwamfuta guda wadda, da zarar wani ya canza gunduwarsa, sai ta sāke harhaɗa aikin ta jarraba shi. Jenkins, wadda ta fito da wannan suna a 2011, tana cikin manhajojin da ke wannan tsaro. Haɗarin shi ne, in aka harhaɗa ta sama kafin ta ƙasa, sai a ɗora ta a kan tsohon tushe. Jarrabawa ta ce lafiya lau, alhali kuwa ɓarna tana nan kwance har ta iske masu amfani da manhajar.

Wani masani, Arthur Kahn, ya bayyana dabarar a 1962. Nemi aikin da ba ya jiran kowa, ka gama shi, ka soke sunansa. Sa'an nan ka sāke dubawa, lalle wani ya kuɓuta daga jira. Haka har jerin ya ƙare. In kuwa ayyuka sun rage, kowanne yana jiran wani, to, sun yi zobe ke nan. Nan kwamfuta ba ta da dabara, sai mutane sun zauna sun sāke tsari.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.